Ranar da kwamfuta ta haɗe min kishiyoyi biyu suka zama mace ɗaya

Bayan ƙaramar sallar bara aka yi taron zumuncin gidanmu a Kano, ana cikin cin abinci wata ƙanwata suka gaisa da wani saurayi sama-sama kamar waɗanda suka haɗu a tashar mota, sai daga baya ake ce mata ai jikan yayan babanki ne. Baffa yana kallonsu, ransa ya ɓaci sosai, yace to zumunci ya zo ƙarshe kenan tunda jini ɗaya basu san juna ba. Ya waiwayo kaina yace kai da kullum kake danne-dannen kwamfuta, ka rubuta mana salsalar gidan nan kowa ya san matsayinsa. Nace an gama Baffa. A raina nace aikin sati ɗaya ne. Wata na tara kenan yanzu ina kai.

Kakanmu Allah ya jiƙansa mata bakwai ya aura a rayuwarsa, ba a lokaci ɗaya ba dai kar wani ya zaro ido, 'ya'yansa 26, in aka haɗa jikoki da tattaɓa-kunne da matan da aka auro da mazan da suka auri namu mun haura 400. Da Excel na fara, layi ɗaya suna, ɗaya uba, ɗaya uwa, na tura a guruf ɗin gida na WhatsApp ina jiran a yaba min. Tambayar farko da ta shigo itace wai shi wane meye nawa? Na biyu kuma wance gwaggona ce ko innata? Excel bai san gwaggo ba. Ya san akwai rubutu a cikin akwati, amma cewa 'yar'uwar uba sunanta gwaggo, wannan a kaina yake ba a cikin fayil ba, kuma bazan zauna ina amsa wa mutum 400 ɗaya bayan ɗaya ba.

Shine na tuna da ontoloji da muka taɓa yi a makaranta muka haddace don jarabawa muka watsar. A taƙaice dai ontoloji shine ka zauna ka rubuta wa na'ura ire-iren abubuwan da ke cikin wani fanni da yadda suke da alaƙa da juna da dokokin da ke tsakaninsu, dalla-dalla yadda ba sai ta yi hasashe ba. Ma'anar da aka fi yawan jawowa ta Tom Gruber ce ta 1993, wadda in ka juya ta da Hausa kusan cewa yake ka fito da yadda ka fahimci wani abu fili ka rubuta shi ƙarara. Yaren da ake rubutawa da shi OWL ne, W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi a 2004, OWL 2 kuma ya fito a 2009. Manhajar da na sauke Protégé ce ta jami'ar Stanford, kyauta ce, a cikinta akwai wani inji mai suna HermiT da aka yi a Oxford, shi aikinsa ya karanta abin da ka rubuta ya ciro abin da baka rubuta ba amma dole ya zama haka, kuma in ka yi tufka da warwara ya kama ka. Rizona suke ce masa, ni dai Alƙali na sa masa suna. Kuma ba wasan yara bane, masu binciken ƙwayoyin halitta suna da Gene Ontology tun 1998, asibitoci suna da SNOMED CT mai ɗauke da ma'anoni sama da dubu 300 na cututtuka da magani da tiyata, ni kuwa gwaggo da kawu nake nema.

Daren farko daɗi kamar me. Na yi aji Mutum, ƙarƙashinsa Namiji da Mace, nace ba mai zama duka biyun. Na yi alaƙar uba da ta uwa. Sai na zo kan abin da ya sa na zaɓi OWL 2 tun farko, wato sarƙa, kana iya cewa in ka bi wannan alaƙar ka ɗora da waccan to ga sunan abin da ka samu. Uwa sannan ɗan'uwanta namiji, kawu kenan. Uba sannan ɗan'uwansa, baffa. Uba sannan 'yar'uwarsa, gwaggo. Uwa sannan 'yar'uwarta, inna. Na danna Ctrl da R, Alƙali ya ɗan yi nazari, sai ga layuka masu ruwan ɗorawa sun cika sikirin, a Protégé duk abin da injin ya ciro da kansa da wannan kalar yake fitowa. Wallahi ban rubuta kawun kowa ba amma ga kawunnan kowa a jere. Anan ma na gane dalilin da yasa ban ɗauko ta wasu na yi amfani da ita ba, na duba schema.org, wata shiryayya da shafukan intanet suke amfani da ita, iyakarta iyaye da 'ya'ya da ɗan'uwa da abokin aure sai wata kalma guda ta dangi kawai, kuma Turanci kalma ɗaya yake da ita wa kawu da baffa, ɗaya wa gwaggo da inna, alhali a wajenmu wanda zai karɓa maka aure daban wanda zaka gudu wajensa in ka yi laifi daban.

Washegari na fara ɓarna. A Protégé akwai ɗan akwatin da zaka yi wa alama kace wannan alaƙar mai zarcewa ce, wato in A yana da ita da B, B yana da ita da C, to A ma yana da ita da C. Nace ai ɗan'uwan ɗan'uwanka ɗan'uwanka ne, na danna. Gidan gaba ɗaya ya rikice. Dalili kuwa ɗaya daga cikin matan kakanmu da 'yarta ta shigo gidan, agola kenan, ta kuma haifi wasu a gidan, to agolar nan da ƙannenta uwa ɗaya suke, ƙannen kuma da sauran 'ya'yan gidan uba ɗaya suke, sai injin ya zarce ya mayar da agolar 'yar'uwar kowa, har da wanda a zahiri shi ya aure ta daga baya suka haifi 'ya'ya shida. Na zauna ina kallon sikirin yana gaya min baffana ya auri ƙanwarsa. Laifin ba nasa bane, ni na ce masa haka. 'Yan'uwantaka a gidan da ake da kishiyoyi da zawarawa bata zarcewa, dole na raba ta uku kamar yadda malaman gado suke yi, shaƙiƙi da li'abi da li'ummi, ko kace 'yan ɗaki ɗaya da 'yan uba.

Shaƙiƙi kuma ya bani wahala fiye da yadda na zata. Abu ne mai sauƙi a baki, uba ɗaya uwa ɗaya, amma OWL bashi da hanyar da zaka ce wannan alaƙar itace haɗuwar waɗancan biyun a tsakanin mutum biyu. Sannan in kace ɗan'uwa shine ka hau wajen uba ka sauko kan ɗansa, to kai ma ɗansa ne, sai kowa ya zama ɗan'uwan kansa, in ka je zaka hana kuma yace alaƙar da aka gina da sarƙa ba a yarda a ɗora mata wannan sharaɗin ba. Da farko haushi naji, nace wane irin yare ne wannan mai ƙa'idoji kamar gidan haya, sai da na karanta na gane da gangan suka tauye shi, don in aka sakar maka mara ka faɗi komai to ba tabbas injin zai taɓa gama lissafi, gara a rage maka baki a tabbatar duk tambayar da ka yi tana da ƙarshe. Mafita sai da na koma SWRL, wasu dokoki ne na in kaza da kaza to kaza da ake liƙawa a gefe, nace in wane da wane ubansu ɗaya, uwarsu ɗaya, kuma ba mutum ɗaya bane, to shaƙiƙai ne.

Wannan kalmar ta ba mutum ɗaya bane itace ta kai ni ga abin da na sa a kan rubutun nan. Nace wa injin kowane mutum uwa ɗaya tak gare shi, ai ba musu. To akwai wani baffanmu da tun yana jariri aka ba kishiyar mahaifiyarsa riƙonsa saboda ita Allah bai bata haihuwa ba a lokacin, a ɗakinta ya tashi, ita yake kira Inna, yawancin yaran gidan ma basu san ba ita ta haife shi ba. Wanda ya turo min bayanan ɗakinsu ya rubuta mariƙiyar, wata yayarmu kuma ta turo min mahaifiyar ta gaskiya, ni kuma na shigar da duka biyun ban lura ba. Da ma'ajiyar bayanai ce irin ta SQL da tuni ta yi ihu tace an saka biyu a gurbin ɗaya. Alƙali bai yi ihu ba. Shi a wajensa suna biyu ba dole ne su zama mutum biyu ba, sai yayi lissafinsa tsaf, uwa ɗaya ce tak, ga sunaye biyu, ashe kenan mace ɗaya ce mai suna biyu. Ya haɗe su. Matan da aka ce shekara talatin ko gishiri ɗaya bata ara a wajen ɗaya ba, kwamfuta ta sasanta su a cikin daƙiƙa huɗu, 'ya'yansu duka suka koma shaƙiƙai. Na yi dariya har matata ta leƙo tana tambaya lafiya.

Amma da na huce naga ai hankali ne a ciki, musamman a gida irin namu. Mutum ɗaya sunan yanka daban, sunan da ake kiransa daban saboda an sa masa sunan kaka ana alkunya, Abba ne a gida, a makaranta Muhammadu da sunan unguwa, a takardar aiki wani abu daban, matan gidan kuma kowacce da laƙabin da take ɓoye sunansa da shi. Muhammadu kaɗai muna da goma sha tara. Injin da zai ɗauka duk suna daban mutum daban ne da ya ninka mana yawan gidan. Don haka kowa na bashi lamba, sunaye suka koma laƙabi kawai a jikin lambar, sannan na faɗa masa ƙarara cewa lambobin nan duk mutane ne mabambanta. Ina sake kunna shi komai yayi ja, yace akwai saɓani, na danna alamar tambayar da ke kawo dalili ya jero min layukan da suka ci karo: uwa ɗaya tak, wance uwarsa, wance ma uwarsa, kuma ka ce su biyun daban ne. Gyaran ba a cikin bayanan yake ba, a cikin kalmar uwa yake. Ashe abu uku muke kira uwa, wadda ta haifa, wadda ta riƙa, da wadda ta shayar. Ta farkon ce kawai guda ɗaya tak.

Aure ma haka ya min. Nace namiji baya wuce mata huɗu, kakanmu kuma bakwai, ja ya sake tashi. Alaƙa a OWL tsakanin abu biyu ce kawai, babu wajen rubuta daga yaushe zuwa yaushe, sai na mayar da auren kansa wani abu mai zaman kansa, Aure lamba kaza, ga miji ga mata ga shekarar ɗaurawa ga yadda ya ƙare, mutuwa ko saki, in an yi kome ma a buɗe wani sabo. Dokar huɗun kuma na cire ta daga hannun Alƙali gaba ɗaya don lissafin lokaci ba gwanintarsa bace. Taubasai ma na cire masa, ɗan mace da ɗan namiji, saboda sarƙar ta yi tsawo laftof ɗina har zafi take tana huci kafin ya gama, yanzu da SPARQL, yaren da ake yi wa irin waɗannan bayanan tambaya da shi, nake ciro su in watan cika-ciki ya zo masu rigimar kuɗin shara sun taso ni.

Wata Juma'a na ɗauki laftof ɗin na kai wa Baffa zaure ya gani. Ina ta kame-kamen yi masa bayanin bambancin aji da kawai ka ce duk ɗan cikinsa yana da sifa kaza, da ajin da ka ce duk mai sifa kaza to ɗan cikinsa ne, na biyun shine injin yake iya jefa mutane ciki da kansa. Ya saurare ni har na gama yace wannan ai ta'arifi ne, sai ya zama jami'i kuma mani'i, ya tattaro duk nasa ya kore duk wanda ba nasa ba. Yace jinsi da nau'i da fasali kuke yi baku sani ba, ya miƙa hannu cikin littattafansa ya zaro Sullam, manɗiƙin da Abdurrahman al-Akhdari ya waƙe a ƙarni na 16, shi dai mai Ahalarin da muka karanta muna yara. Kunya ta kama ni kaɗan gaskiya, don ni a zatona daga Stanford abin ya faro, alhali silsilar ta bi ta Isaguji, littafin share fagen manɗiƙi, har zuwa masanin falsafa Farfuriyus na ƙarni na 3 da Aristo kafin shi, bishiyar ajin da nake ja da linzamin kwamfuta tsohuwar bishiya ce. Abin da ya ƙaru a zamaninmu shine injin da zai bi ƙiyasi dubu a jere bai gaji ba bai kuma ji kunyar kowa ba.

Shi Baffan ne ya ce tunda abin naka yana ciro hukunci, sa masa muharramai mu gani. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i kamar don wannan aikin aka jera ta, bakwai na nasaba, uwaye da 'ya'ya mata da 'yan'uwa mata da gwaggwanni da innoni da 'ya'yan ɗan'uwa da 'ya'yan 'yar'uwa, sannan na shayarwa, sannan na surukuta. Anan zarcewa ta yi amfani, don uwa ta haɗa da kaka har sama, 'ya ta haɗa da jika har ƙasa. Surukuta ta so ta bani ciwon kai, uwar mata da ɗaura aure kawai ta haramta, 'yar mata kuwa sai in an tare da uwar, kaga dole Auren nan nawa ya samu wani gurbi na an tare ko ba a tare ba. Haɗa ya da ƙanwa kuma hani ne na lokaci ba na har abada ba, aji daban. Shayarwa ce mai zurfin. A mazhabar Malikiyya da muke bi ko sau ɗaya nono ya isa cikin yaro a cikin shekara biyun farko ya wadatar, Shafi'iyya kuwa sai sau biyar, to kaga tun nan dole ontolojin ya faɗi mazhabar da yake bi. Mijin mai shayarwar ya zama uba, 'ya'yanta da nasa sun zama 'yan'uwan yaron, amma hukuncin a kan yaron da zuriyarsa yake tsayawa, baya tsallakawa kan yayyensa da ƙannensa na jini. Da na bar akwatin zarcewar nan a danne da na haramta auren rabin gidan.

Da na gama na sanar a guruf, wani ƙanina da ke da 'yar manufa a kan wata taubashiyarsa ya biyo ni ta gefe yace Yaya dan Allah duba min wance. Na duba cikin muharramansa bata ciki. Na juya tambayar nace to nuna min waɗanda ba muharramansa ba, nan ma bata ciki, babu kowa ma a ciki, fayau. Na ɗauka wani abin na sake ɓatawa, na kwana ina bincike, ashe daidai yake aiki. OWL a kan ƙa'idar buɗaɗɗiyar duniya aka gina shi, abin da ba a faɗa masa ba baya cewa ƙarya ne, cewa yake ban sani ba. SQL in bata ga layi ba sai tace babu, shi kuwa cewa yake ban ga inda aka rubuta ta sha nonon babarka ba, amma ban ga inda aka ce bata sha ba. Kafin ya yarda yace halal sai an rufe masa ƙofa, an ce wance ga iyakar matan da suka shayar da ita babu wata bayansu, haka shi ma yaron, haka duk wanda ke kan hanyar da ke tsakaninsu. Ni kuma wa ya bani wannan ilimin, lokacin ina ina?

Nace masa kwamfuta tace a tambayi Gwaggo. Ya zata wasa nake.

Gwaggo ita ce babbar 'yar kakanmu da ta rage, ta haura tamanin, idon ya yi rauni amma kan nan garau. Na je da goro da 'yar turmin atamfa, bayan mun gaisa nace Gwaggo so nake ki faɗa min wa ya sha nonon wa a gidan nan. Tace kai ɗan nan, wa ya aike ka tonon asiri? Sai kuma ta gyara zama. Shekarar da aka yi ciwon sanƙarau wance ta kwanta, jaririnta kwana tara yana wajen matar baffanku ta biyu. Wance da ta tafi Makka ta bar 'yar wata bakwai, facalarta ce ta haɗa da nata. Guda goma sha ɗaya ta lissafo min a zama ɗaya, babu ko ɗaya a cikin fayil ɗina, biyu daga ciki ma iyayen yaran da ke raye basu taɓa ji ba. Da na zo kan yarinyar da ƙanina yake so tayi shiru tace wannan kam a Zariya aka yi goyonta, wadda zata sani ta riga mu gidan gaskiya, sai dai ko ƙanwarta da ke Tudun Wada.

Na koma wajen Baffa da murnata zan shigar da sha ɗayan nan, yace tsaya, shaidar mace ɗaya bata tabbatar da shayarwa a mazhaba, sai maza biyu, ko namiji da mace ko mata biyu in maganar ta riga ta bazu kafin ɗaurin aure, amma dai an so a nisanta ko da ta mutum ɗaya ce. To shi kuma Alƙalina abu biyu ya sani, an faɗa ko ba a faɗa ba, bashi da gurbin an ce. Don haka Shayarwa ma ta bi sahun Aure ta zama abu mai zaman kanta, ga wadda ta shayar, ga yaro, ga shekara in an tuna, ga waɗanda suka shaida, na yi aji biyu, tabbatacciya da wadda aka ji a bakin mutum ɗaya, ta farkon ce kawai take haifar da hukunci, ta biyun tuta kawai take ɗagawa tace a je a tambayi malamai. Duk sha ɗayan yanzu a aji na biyu suke, a gurbin shaida an rubuta inji Gwaggo.

Ƙanin nawa kullum sai ya turo min saƙo wai ya ake ciki. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zamu shiga Zariya ni da shi neman ƙanwar marigayiyar, shi zai zuba mai.